Kakar Peter da jan biron shugaban sashe

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a sashen shirye-shiryen yara na gidan rediyonmu, kuma waɗanda muka sha zaman sutudiyo tare sun san inda gizo ke saƙa. Tun wasan Heidi zaman ya daina yi mini daɗi.

Ni aka ba littafin Heidi na marubuciya Johanna Spyri, wanda ya fito kashi biyu a 1880 da 1881, in mayar da shi wasan kwaikwayo na rediyo. Labarin Heidi ne, marainiya 'yar shekara 5 da innarta Dete ta kai wa kakanta can kan dutse a Suwizalan, daga baya ta sake ɗauke ta zuwa Frankfurt don ta riƙa ɗebe wa Clara kewa, 'yar attajiri mai zama a keken guragu. Da na kai rubutun, shugaban sashe ya ɗauki jan biro ya shiga ƙirga maganganun kowa. Duk mai 'yar magana kaɗan sai ya soke shi, wai a rage kuɗin 'yan wasa. Ta farko da biron ya hau ita ce kakar Peter, yaro makiyayi abokin Heidi, tsohuwa makauniya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka cire tsohuwar nan, burodin fa?" Ya ce, "Ke dai yi abin da aka sa ki. Yara Heidi suke son ji."

Wanda ya karanta littafin ya san burodin da nake nufi. Tsohuwar ba ta iya cin baƙin burodi mai tauri, shi ya sa Heidi a Frankfurt take ɗauke fari mai laushi daga teburi tana tarawa a kabad don ta kai mata. Ranar da Malama Rottenmeier, mai kula da gidan, ta gano ta sa aka kwashe, Heidi ta yi ta rusa kuka, sai Clara ta yi mata alkawarin sabo duk ranar da za ta koma gida. Nan zumuncinsu ya kama ƙasa. Karatu ma haka. Peter ne ya cusa wa Heidi cewa ba ya koyuwa, kakar Clara ta lallaɓa ta da littafi mai hoton makiyayi, da ta koma kuwa makauniyar nan take karanta wa waƙoƙin addini. Da muka cire ta, abin da ya rage shi ne yarinya mai ɓoye abinci babu dalili. Wata uwa ta bugo waya tana tambaya ko ɗauke-ɗauke muke koya wa 'ya'yansu. A taron da ya biyo baya, gaban kowa, shugaban ya ce rubutun ne bai nuna ba. Bai ambaci jan bironsa ba, waɗanda suka ga takardun kuma suka sunkuyar da kai.

Na Peter ya fi ci mini rai. A littafin, da Clara ta zo dutse Heidi ta koma wajenta, kishi ya kama shi har ya tunkuɗa keken ya gangara ya farfashe. Daga nan ya rasa sukuni, yana ganin ɗan sanda zai zo daga Frankfurt ya kama shi. Da asiri ya tonu, kakar Clara ba ta sa an hukunta shi ba. Ta yi masa nasiha, ta kuma yanka masa 'yan kwabbai duk mako. Shugaban ya ce abokin kirki ba ya haka, iska ce za ta ture keken, muguntar duka a jibga wa Rottenmeier.

Ba shi ya fara ba. Fim ɗin Amurka na 1937 da Shirley Temple ta fito ya mayar da Rottenmeier muguwa har tana neman sayar da Heidi, alhali a littafin mace ce mai tsanani da son doka, iyakarta ke nan. Katun ɗin Japan na 1974 da Isao Takahata ya ba da umarni shi ma ya wanke Peter daga laifin keken, ya kuma ƙaro kare mai suna Josef. Amma Takahata ya shimfiɗa labarin kashi 52, ya bar tsohuwar da burodinta, ya ba Peter fili har ka san shi ciki da waje. Mu mun cire masa kishi, ba mu sa komai a gurbin ba, ya zama mai kora awaki yana cewa "to". Duk yaron da amininsa ya taɓa yin sabon aboki a aji ya san abin da Peter ya ji. Shi ne ƙofar da yaranmu za su bi su shiga labarin dutsen da ba su taɓa gani ba, muka rufe ta da hannunmu.

Don haka, mai zuwa bayana, kafin ka yarda a soke wani, bi rubutun ka ga su wa ke aikata abu saboda shi. Yawan magana ba ya nuna nauyin mutum a labari. Duk gyaran da aka ce ka yi, nemi a rubuce da sa hannu. Ajiye kwafin farko a gida. Saurari injiniyan sauti, ya riga kowa jin inda labari ya yi rami.

Dattijuwar da aka ɗauko don muryar kakar Peter ta yi ta zuwa gwaji a Keke Napep da kuɗin aljihunta kafin a ce mata an fasa. Har yau ba a ba ta ko na mota ba. Takardar neman haƙƙinta tana cikin fayil ɗin wasan, na sa hannu a nawa gurbin, saura na shugaban sashe.