Salon Kobra: me yake tsinana wa jirgin yaƙi a fagen daga?

A baje kolin jiragen sama na Paris a 1989, matuƙin Tarayyar Soviet Viktor Pugachev ya ɗaga hancin jirgin yaƙi samfurin Su-27 har ya zarce tsaye, jirgin na tafiya da cikinsa a gaba, sannan ya mai da shi daidai. Wannan ne salon Kobra. Abin kallo ne, amma a yaƙi asararsa ta fi ribarsa.

Matuƙi kan shiga da gudun kilomita 400 a awa ko kusa da haka, ya kashe na'urar da ke hana hanci tashi fiye da kima, ya fizgo sandar tuƙi gaba ɗaya. Hanci ya kai digiri 110 zuwa 120, cikin jirgin ya zama birki, cikin daƙiƙoƙi gudu ya zube ƙasa da rabi. Idan inji ɗaya ya shaƙe don iska ta daina shiga bakinsa sosai, jirgin karkacewa zai yi ya hau wulwulawa.

Matsalar tana wajen gudun da aka zubar. Tun shekarun 1960 John Boyd na sojan saman Amurka ya nuna cewa jarin matuƙi gudu ne da tsayi. Wanda ya yi Kobra ya kashe jarinsa duka don mai binsa ya wuce gaba. To, jiragen yaƙi bibbiyu suke tafiya aƙalla, kuma abokin mai bin nasa zai tarar da shi rataye a sama, injinsa na aman zafin da makami mai linzami ke bi.

Makaman ma sun rage buƙatar juya hanci. Da makami mai linzami na kusa irin R-73 ko AIM-9X, matuƙi ya dubi abokin gaba ta gilashin hular kwanonsa ya harba, ko yana can gefe. Masu cin dogon zango irin AMRAAM da Meteor kuwa ana sakinsu tun ido bai ga jirgi ba.

A ganina amfanin yana cikin abin da ya sa salon ya yiwu, wato jirgi ya jure ɗaga hanci fiye da kima. Misali, bakin bayan injin jirgin yaƙin Amurka F-22 na lanƙwasa digiri 20 sama ko ƙasa, shi ya sa jirgin ke bin umarni ko iska ta saki fikafikansa. Matuƙin da ya ja sanda fiye da kima a tsakiyar gumurzu, jirgin ba zai kuɓuce masa ba, kuma idan aka rage ɗaya da ɗaya gudu ya ƙare, shi zai riga nuna hanci ya harba.