Karfasar Tafkin Bosomtwe da Abin da Ke Cikin Jininta

A makon jiya na raka kawuna zuwa tafkin Bosomtwe, mai tazarar kimanin kilomita 30 daga Kumasi, inda muka iske masunta zaune a kan falankin katakon da suke kira padua, suna tuƙawa da hannuwansu. Kawu ya ɗaga wata 'yar karfasa daga cikin kwando, ya juya ta, ya ce: "Ɗana, ai karfasa karfasa ce, ko ta kogin Bolta ko ta nan." Ban yi masa musu ba, amma masu binciken ƙwayoyin halitta ba za su yarda da shi ba.

Wannan tafki rami ne da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa fiye da shekaru miliyan ɗaya da suka wuce, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. A cikinsa akwai kifin da masana ke kira Hemichromis frempongi, wanda ba a samunsa a ko'ina sai nan. Duk da wannan tsufa, ire-iren kifinsa kaɗan ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka, wanda ya ƙafe kusan ƙurmus kimanin shekaru 15,000 da suka shuɗe, amma bayan ya sake cika sai dangin karfasa suka rarrabu a cikinsa har kusan nau'i 500: wasu na kankare gansakuka a jikin duwatsu, wasu na fasa dodon-koɗi, wasu na cin 'yan'uwansu. Ashe tsufan ruwa kaɗai ba ya haifar da yawan nau'i. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa kakannin waɗannan kifaye na Biktoriya sun fito ne daga cuɗanyar zuriya biyu, ɗaya daga yankin kogin Kwango, ɗaya daga saman kogin Nilu, kuma wannan gaurayen jini ne ya tara musu ɗimbin bambance-bambancen gado da kowane rukuni ya ɗebi abin da ya dace da muhallinsa. A tafkin Malawi ma, binciken 2018 ya gano cewa bambancin DNA, wato ƙwayoyin gado, tsakanin nau'i da nau'i bai wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba, alhali kamanninsu sun sha bamban ƙwarai.

Sai dai cuɗanyar da mutum ke jawowa cikin gaggawa wani abu ne daban, kuma ita ce ke damuna. Ghana na da nata irin karfasar kiwo, wato irin Akosombo, wanda aka tace daga kifin Bolta, amma a 2019 masu bincike sun gano jinin wani baƙon iri mai suna GIFT a gonakin kifi na ƙasan kogin, kuma kifin keji yakan kuɓuce ya gauraya da na ruwa.

Da muka dawo unguwar Aboabo a Kumasi na tambayi mai sayar mana da kifi asalin karfasarta. Ta ce: "Malam, mota ce dai ke kawo ta daga Akosombo da asuba."