Tarko mai ɗana kansa da kuregen dajin Ingila

Ina aikin kula da wani ƙaramin daji a tuddan Ciltan, arewa maso yamma da Landan. Mai dajin ya dasa bishiyoyin bic da oak ne don katako, irin dashen da sai jikoki za su ci amfaninsa. Babban maƙiyinmu a nan shi ne kurege mai ruwan toka. Ba irin namu ba ne mai haƙa rami a gonar gyaɗa. Wannan a saman bishiya yake kwana, a can yake haihuwa, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli sai ya bi bishiyoyin yana saɓule musu ɓawo don ya kai ga ruwan zaƙin da ke gudana a ƙarƙashinsa.

Wanda bai taɓa gani ba zai rantse mutum ne ya zo da wuƙa ya fere itacen. Za ka tarar da ɓawon a zube a gindi, dogaye dogaye, ka ɗaga kai ka ga jikin bishiyar fari fat yana naso, da sawun haƙora a jere. In ya zagaye gangar jikin gaba ɗaya, duk abin da ke sama da wurin ya mutu, iska ta zo ta karya shi. In bai zagaye ba, ruɓa ta shiga ta ciwon, katakon da ake jira ya koma itacen wuta. Ya fi son bishiyoyi masu shekara 10 zuwa 40, wato daidai lokacin da aka gama kashe kuɗi a kansu. Wani rahoto da ƙungiyar masu dazuzzuka ta Royal Forestry Society ta fitar a 2021 ya ƙiyasta asarar da yake jawowa a Ingila da Wales a kan fam miliyan 37 duk shekara.

Shi kansa baƙo ne a ƙasar. Daga Arewacin Amurka aka kawo shi, aka fara sakinsa a Henbury Park ta yankin Ceshiya a 1876, attajiran zamanin suka riƙa yi wa juna kyautarsa don ƙawata lambuna. Yau ana ƙiyasta yawansa a duk Birtaniya da miliyan 2.7. Ɗan gida kuwa, jan kurege, bai kai dubu 300 ba, akasari a Sikotilan, domin baƙon ya fi shi girma, ya fi shi ci, yana kuma ɗauke da wata cutar ƙuraje wadda ba ta yi masa komai amma tana kashe jan.

Kafin zuwana, keji ake amfani da shi. Keji yana kamawa, ba a musu, sai dai yana ɗaure mutum: dole ka leƙa kowane ɗaya aƙalla sau ɗaya a yini, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Abin da ka kama kuma doka ta hana ka sake shi, ta hana ka nutsar da shi a ruwa, sai ka kashe shi nan take da bindigar iska ko bugu ɗaya a ka. Gubar warfarin da aka daɗe ana sakawa a alkama an daina yarda da ita wajen kurege tun tsakiyar shekarun 2010. Ni kaɗai ne ma'aikaci, ga shinge, ga sassabe, ga dashe. Shi ya sa da mai dajin ya zo da maganar sabon tarko mai aiki da gas, ban yi gardama ba.

Kamfanin Goodnature na birnin Welintin a ƙasar Niyu Zilan ne ke ƙera shi. Can sun fara ne da na ɓera da wasu ƙananan dabbobin da ke cinye musu ƙwan tsuntsaye, sannan suka fitar da na kurege mai suna A18, wanda hukumomin Ingila suka amince da shi a 2018. Da roba mai tauri aka yi shi, ana ɗaure shi a jikin bishiya da kusoshi, bakinsa na kallon ƙasa. A can sama a ciki akwai wurin zuba abincin tarko, wani kwaɓi mai ƙamshin gyaɗar hazel. A gefe ana murɗa wata 'yar kwalbar ƙarfe mai gram 16 na iskar kabon, irin wadda masu tseren keke ke hura taya da ita. Kurege ya cusa kai don ya lasa, ya taɓa wata 'yar waya, iskar ta harbo sandar bugu ta same shi a ƙoƙon kai, ta koma. Gawar ta faɗo ƙasa, tarkon ya riga ya sake ɗanuwa. Kwalba ɗaya bugu 18 take yi, daga nan sunan ya fito. Akwai kuma ɗan ma'auni da ake maƙalawa, yana ƙirga bugun.

Abin da ya kwantar mini da hankali tun farko shi ne saurin kisan. An hore mu da cewa in za a yi kisa a kyautata shi, kuma na sha tsayawa a kan dabbar da ta kwana a keji tana cizon waya har bakinta ya yi jini. A bidiyon da kyamarar daji ta ɗauko mini, tsakanin shigar kai da faɗuwa ƙiftawar ido ce.

Sai dai kafin a kai ga wannan bidiyon an sha jira. Na kafa tarkunan, na zuba kwaɓin, na koma sauran ayyukana. Makonni suka wuce ma'auni na nuna sifili, alhali ga kurege na tsalle a rassan bishiyar da tarkon ke jiki. Da na saka kyamara sai na ga abin da ke faruwa. Yakan sauko ya shinshina, ya hau kan tarkon ya zauna yana wasa da jela, wani lokaci ya leƙa bakin, ya fasa. Dabba ce mai tsananin zargi, kuma babu abin da zai sa ta tura kanta cikin duhun rami alhali ba ta taɓa samun komai a wurin ba.

Dattijon da na gāji aikin a hannunsa, wanda har yanzu yakan zago da karensa, shi ya warware mini. Ya dubi tarkon ya ce duk wayon na'ura, sai kurege ya koyi cin abinci a wuri kafin ya mutu a wurin. Sai na cire kwalaben gas duka. A ƙarƙashin kowane tarko na kafa ɗan katako kamar shiryayye, inda zai iya tsayawa da ƙafafun baya ya miƙa kai ba tare da ya rataya ba. Na riƙa zuba masara tsaba a kan katakon da gindin bishiyar, ina shafa kwaɓin a jikin itacen, daga nesa har zuwa leɓen tarkon, har cikinsa. Masara tana da wani amfani na daban: kurege yakan ƙwaƙule ɗan ƙwayar da ke tsakiyar tsabar ya yar da sauran, to in ka ga tsaba da rami a ciki ka san shi ne ya zo, ba tantabarar daji ba. Sai da na ga suna shiga har kafaɗa suna lashe kwaɓin tas, sannan na mayar da gas. A wannan makon ma'aunin ya fara motsi.

Wurin kafawa ma da magana. Bishiyar da ake yi wa ɓarna ba lalle ita ce ta dace da tarko ba. Ƙananan bic ɗin wurin kiwo ne kawai. Gidajensu, wasu dunƙulallun sheƙoƙi na ganye da ƙirare, suna cikin manyan tsofaffin bishiyoyi na gefe, kuma suna da hanyoyin da suke bi kullum, ta kan shinge ko ta wani reshe da ya haɗa bishiya biyu. Tarkon da na mayar gindin wani tsohon oak a bakin irin wannan hanya ya fi sauran aiki nesa ba kusa ba, wani kuma da ke tsakiyar dashen har yau da ƙyar yake samun baƙo. Da sanyi, lokacin da ganye ya zube, shi ne lokacin yawo da takarda ana rubuta inda sheƙoƙin suke.

Da kaka kuwa kusan ɓata gas ne. Daji ya cika da 'ya'yan oak da na bic, ƙoshi ya yi yawa, babu mai kula kwaɓinka. Yunwa tana farawa ne daga ƙarshen sanyi zuwa bazara, kuma nan ne ya kamata a matsa, gab da fara ɓarnar da kuma cikinta. Shekarar da ta biyo bayan kaka mai albarka ta fi kowace muni, don iyaye sun ƙoshi, sun haihu da wuri, matasa sun cika daji daidai lokacin da ruwan bishiya ke hawa. Mace takan haihu har sau biyu a shekara.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba, ba don ɓoyewa ba, sai don sai ka zauna a daji kake saninsa. Gas ɗin zai jira ka watanni, kwaɓin ba zai jira ba. Ƙananan ɓerayen daji suna lashe na waje, dodon koɗi maras ƙoƙo yana hawa da dare ya bi ta ciki ya bar yauƙi, damshi ya sa saura ya yi furfura. Tarkon da abincinsa ya lalace tamkar shago ne a buɗe babu kaya, kowa ya leƙa sau ɗaya ba zai dawo ba. Don haka zagayen kullum ya koma na mako mako, amma bai ɓace ba. Ina zuwa da tsumma da ɗan buroshi, in kwance gas tukuna, in goge, in sabunta, in mayar, in gwada bugu ɗaya. Kwance gas kafin a sa hannu ba abin wasa ba ne. Abin da ke fasa ƙoƙon kai ba zai bar yatsa ba, kuma saboda yaran da ke bin hanyar ƙafa ta gefen dajin, duk tarkunan suna nesa da hanya, sama da inda kare ko bushiya za su kai.

Gawa kuma ba kasafai nake samunta ba. Dila yakan koyi zagayen tarkunan fiye da ni, da asuba ya bi ya kwashe. A bakin daji kuma akwai jan shirwa, wadda aka dawo da ita Ciltan daga Sifaniya a farkon shekarun 1990 bayan ta ƙare a Ingila, yanzu ta cika sama. Wannan ya rage mini aikin binnewa, amma ya bar ni da lamba kawai, ita kuwa lamba bugu take ƙirgawa, ba ta faɗin wa aka buga. Shi ya sa kyamarar ta zama abokiyar aikin dindindin, ina juya ta daga wannan tarko zuwa wancan. Da ita na tabbatar cewa tsuntsayen da ke zuwa cin masara ba sa cusa kai ciki. Wanda ke zaune inda jan kurege yake, kamar yankunan Kambiriya ko Nozambalan a arewacin Ingila, bai ma kamata ya fara ba, domin tarkon ba ya tambayar launi. Can keji ne ya dace, don a ga abin da aka kama a saki ɗan gida.

Kawuna da ke Funtuwa, da na ba shi labari a waya, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ɗana, wato karatun da aka tura ka ke nan, farautar kurege? To ka riƙa ƙyafe mana shi mana." Na ce, "Kawu, ai mushe ne, ba yanka." Turawan ma akwai masu cinsa, amma na harbi.

A shekarar farko na riƙa kai wa mai dajin lissafin bugu, yana jin daɗi. Daga baya na daina ba lambar muhimmanci. Za ka iya kashe da yawa a watan Oktoba, ɓarnar Yuni ta zo ba ta ragu da komai ba, saboda dajin da aka share yana sake cika daga na maƙwabta cikin 'yan makonni. Abin da nake yi yanzu shi ne in zaɓi wasu layukan bishiyoyi, in sa musu alamar fenti, duk watan Agusta in bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba sabon ciwo, mai fari, da tsohon da ya yi baƙi ya fara rufewa. A ɓangaren da tarkuna suka samu kulawa sabon ciwo ya ragu ƙwarai. A kusurwar da ke manne da dajin maƙwabcinmu, wanda ba ya yin komai, kamar ba a taɓa kafa tarko ba.

Ra'ayina bayan wannan duka shi ne na'urar ta dace da mutum ɗaya mai daji da yawa, ko wuri mai wuyar zuwa kullum. Tana da tsada, kuɗin ɗaya zai sayi keji da dama, kuma in ana son rage yawa da sauri a farkon bazara, keji mai cike da masara har yanzu ya fi ta kamu a wurina. Don haka nake haɗa su: keji na ɗan lokaci don a karya yawan, sannan na gas su tsare wurin daga masu shigowa.

Masana suna neman hanyar da ta fi wannan. Hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai ta gwamnati tana gwajin maganin hana haihuwa da za a riƙa ba su a cikin kwaɓin hazel, tare da haɗakar ƙungiyoyi ta UK Squirrel Accord. Sannan akwai dabbar matin, mai kama da tunku amma gwanar hawa bishiya, wadda bincike a Ayalan da Sikotilan ya nuna inda ta yawaita baƙon kurege yana raguwa, jan yana dawowa. An sake ta a dajin Dean na yammacin Ingila a 2019. Doka tana kare ta, kuma tana da son leƙa rami, don haka duk ranar da kyamarata ta ɗauko ta a nan, dole in kwance gas in sake lissafi.

Kafin nan, aikin da ke gabana na lallashi ne. Na nuna wa maƙwabcin namu hotunan bishiyoyinsa da aka fere, ya yarda in kafa tarkuna a kan iyakarmu daga watan Fabrairu, da sharaɗin ni zan riƙa sayen masarar.