Jinkirin rabon gado da abin da yake yi wa zumunci

A gidaje da yawa, idan uba ya rasu, ba mai son ya zama na farkon da zai ambaci gado. Tsoron kowa kada a ce ko kabarin bai bushe ba yana hangen dukiya. Sai a ce a bari a yi arba'in, daga nan a ce sai iyaye mata sun fita takaba, wata huɗu da kwana goma. Shekara ta zagayo, babban wa yana karɓar kuɗin haya, wani ƙanen ya gina ɗaki biyu a filin baya, 'yan matan suna gidajen aurensu kunya ta hana su tambaya. Ana kiran wannan kara, alhali sau da yawa rigimar gado da ke kai 'yan uba kotu daga shirun nan take farawa.

Tsarin kansa ba mai wuya ba ne. Ana fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, sannan a biya bashi, har da sauran sadakin da mamaci bai cika wa matarsa ba. Bayan haka wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, wato ɗaya bisa uku na dukiyar, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran. Abin da ya rage shi ake rabawa bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Idan akwai ciki a gidan, a mazhabar Malikiyya ana dakatawa har a haihu. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma yana da ranar ƙarewa.

A ɗauka mutum ya bar naira miliyan 24 bayan an fitar da waɗancan, da mahaifiya, da mata 2, da 'ya'ya maza 6 da mata 5. Mahaifiya tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, miliyan 4. Matan su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3, kowacce ɗaya da rabi. Saura miliyan 17 na 'ya'ya: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Malamin da ya san fara'ila, wato ilimin rabon gado, zai gama lissafin nan kafin shayi ya huce.

To a bar shi shekara goma a gani. Mahaifiyar ta rasu, miliyan 4 ɗinta sun koma hannun magadanta, wato baffanni da gwaggwanni sun shigo cikin gidan da haƙƙinsu. Amaryar ta sake aure, ita ma ta rasu ta bar 'ya'ya: sabon mijin yana da rubu'in kasonta, baƙon da bai taɓa sanin mamacin ba ya zama mai rabo a zauren. Malamai suna kiran wannan munasakha, gado cikin gado. Ga hayar shekara goma da ba wanda ya rubuta. Babban wan zai ce shi ya yi gyaran rufi, shi ya aurar da ƙanne biyu, kuma wataƙila gaskiya yake faɗa, amma ba takarda ba shaida. Ban ɗauke shi mugu ba. Abin da ya daɗe a hannun mutum, zuciyarsa kan fara gaya masa nasa ne.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne “Baba ya ce ya ba ni”. Kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba har mai ita ya rasu, a Malikiyya ta koma cikin gado. Haka nan dole a ware abin da ba na mamaci ba tun farko: awakin uwargida, kayan ɗakinta, amanar da wani ya ajiye, gonar da aka karɓa jingina.

Abin yi shi ne a makon farko a zauna da dattijo ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga na uwa, a rubuta komai, kowa ya sa hannu. Gida da gona a kira dillalai biyu ko uku su yi musu kuɗi dabam-dabam. Idan magada sun fi son a bar gidan a haɗe, babu laifi, amma sai bayan kowa ya san kasonsa a rubuce, an kuma faɗi wanda zai karɓi haya da watan da zai kawo lissafi. 'Ya mace a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban yayyenta ba, domin “na yafe” da ake faɗa a tsakiyar taro sau da yawa kunya ce ta faɗe ta. Kason marayu ƙanana kuma a damƙa shi ga wasiyyi, wato mai kula da dukiyarsu, a gaban alƙali, da shaidu.