In cen ɗin kekenka ya tsinke, kar ka yar, ka taho min da shi

Shekara goma sha biyu kenan ina da shagon gyaran keke a nan Jos, na fara ne da faci da ɗaurin waya, kekunan Phoenix da Raleigh na dattawa, sai daga baya da kekunan giya 'yan Beljiyam suka cika gari, waɗannan masu ƙaton taya na hawa dutse, toh sai aikin ya koma kansu. Yanzu ni da yara biyu ne a shagon. Kuma abin da ya fi haɗa ni da kwastoma ba taya bane ba birki bane, cen ne.

Akwai wani matashi ɗalibi da duk Asabar shi da abokansa suke hawa wajen duwatsun Shere, cikin wata biyu cen uku ya tsinka, biyu a wajena ya saya. Ran na ukun ya shigo ransa a ɓace yace Baba gaskiya kayan nan naka jabu ne. Ban yi musu da shi ba dan jabu kam akwai shi a kasuwa, har kwalin kamfanin Shimano mai kayan keke ake bugawa. Nace masa ɗana ina wanda ya tsinke ɗin? Na farko da na biyu ya yar a daji, Allah ya sa na ukun yana cikin leda a jakarsa.

Da na shimfiɗa shi a kan benci sai ga abu a fili, wajen da ya tsinke ƙarfen gefe ne ya buɗe ya saki fil ɗin da ke haɗa gaɓa da gaɓa, sannan gaɓa biyu na kusa da shi sun murɗe kamar an kama da filaya. Cen da tsufa ya kashe ba haka yake yi ba, wannan ta gefe aka matsa masa. Na tsuguna ta bayan keken na duba abin canza giya na baya, maimakon ƙananan wilolinsa biyu su tsaya saitin haƙorin firiwil, wato jerin haƙoran giya na tayar baya, sai naga sun karkata wajen wayoyin tayar. Nace ka taɓa faɗuwa ta hannun dama? Yace tun watan jiya, amma ai ba abin da ya samu keken. Toh ya samu. Akwai ɗan ƙarfen alminiyom da yake riƙe abin canza giyan a jikin firam, mu kunne muke ce masa a shago, da gangan aka yi shi mai laushi dan in an faɗi shi ya lanƙwashe firam ya tsira. Lanƙwasar da ido ma baya gani sosai ta isa ta sa cen ya riƙa tafiya a karkace yana neman hawa haƙorin da ba nasa ba.

Amma kunne kaɗai baya tsinka cen uku. Nace ya hau ya nuna min yadda yake yi a tudu, akwai ɗan hawa a bayan layinmu. Yana zuwa tsakiya ƙafa ta yi nauyi sai ya miƙe tsaye a kan feda ya danna giya, wallahi daga inda nake naji ƙarar, ƙas! Lokacin da cen ke tsallakawa daga wannan haƙori zuwa wancan rabinsa na nan rabinsa na can, in ka ɗora masa duk nauyinka a wannan lokacin ƙarfen gefen ne ke ɗauka. Ana canza giya ne tun kafin tudun ya kama ka, ko kuma ka sassauta ƙafa na juyi ɗaya har ya zauna. Haka kuma ɗora cen a kan babban haƙorin gaba da babban na baya, ko ƙaramin na gaba da ƙaramin na baya, yana sa cen tafiya a gicciye, ga ƙara ga ci.

Yawancin waɗanda ake kawo min kuma ba tsinkewa suka yi ba, cinyewa ne. Mutane suna cewa cen ya miƙe, ƙarfen baya miƙewa, fil ne da ramin da yake juyawa ciki suke cin juna har tsawon ya ƙaru. Daga fil zuwa fil rabin inci ne, saboda haka a sabon cen in ka ɗora ruler daga tsakiyar wani fil, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wani fil ɗin. In ya wuce da 1/16 na inci a canza, in ya kai 1/8 toh firiwil ɗin ma ya tafi, haƙoransa sun fiƙe, ka sa sabon cen ya riƙa zillewa duk sanda ka taka da ƙarfi, mai keke ya dawo yace ka ɓata masa keke. Shi yasa nake aunawa a gaban mutum kafin na kwance komai.

Abin da yake ƙona min rai shine baƙin mai. Mutum ya je wajen bakanike ya roƙi wanda aka juye daga inji ya kwarara ma cen har yana ɗiga, ga ƙurar hunturu, su haɗu su zama kamar garin wasa wuƙa a cikin kowace gaɓa. Da damina kuma laka ce, a dawo daga daji a jingine keken jiƙe, bayan kwana uku gaɓa ta ƙage, kana juya feda baya zaka ga tana tsalle in ta zo ƙananan wilolin. A wanke da kananzir da tsohon buroshi, a bari ya bushe, ɗigo ɗaya na mai a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma, ciki ake son man.

Sai laifinmu mu masu gyara, dole na faɗa. Kekuna masu giya 6 da 7 da 8 a baya cen iri ɗaya suke ci, amma daga 9 zuwa sama kowanne ya fi na baya siriri, ba'a haɗa su. Kuma waɗannan siraran ba'a fitar musu da fil da ƙusa da guduma a mayar, bakin fil ɗin a dake yake, in ya fita ramin ya buɗe kenan, wata rana a tudu nan zai saki. Sai dai a haɗa su da sabon fil na haɗi ko 'yar gaɓar nan mai maƙalewa irin ta kamfanin KMC. Yarana duk wanda na kama da guduma a kan cen ya san zamu ɓata.

Shi ɗalibin na miƙar masa da kunnen a hankali, na daidaita sukurori biyun nan masu H da L da ke tsayar da iyakar abin canza giya, na sa sabon cen, na kuma gaya masa alminiyom sau ɗaya yake yarda da miƙarwa, na biyu karyewa yake. Kunnen kowane firam da irin yankansa, na canji irin nasa sai da muka yi sati uku muna nema kafin muka cire a jikin wani mataccen firam.