Kafin ku tura kuɗin doki ta waya

Ƙannena masu sha'awar hawa, na taɓa yin asarar naira dubu 150 a kan dokin da ban taɓa shafa gadon bayansa ba, kuma ba na son ɗayanku ya bi ta inda na bi.

A watan azumi abin ya faru, lokacin da duk mai niyyar shiga Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa yake neman abin hawa, kuɗin doki kuma yake tashi a Kano. Na ga hoton wani akawal a Facebook, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji, an sa masa kuɗin da bai kai rabin na irinsa a gari ba. Mai tallan ya ce dokin yana Maigatari, daga Damagaram aka shigo da shi, kuma jinyar mahaifiyarsa ce ta sa zai karyar da shi. Da yake na san Maigatari babbar kasuwar dabbobi ce da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, sai maganar ta zauna mini. Ya ce wani Alhaji zai zo ya ɗauka da safe, sai fa idan na riga shi ba da kafin alƙalami, nan take na tura dubu 100. Washegari ya nemi dubu 50 kuɗin mota, na ƙara masa. Da ya sake kira yana cewa an tare motar a hanyar Gumel sai an biya kuɗin takarda, jikina ya yi sanyi, na ce ya haɗa ni da direban, daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Alamomin yaudara suna gabana tun farko. Sunan da banki ya nuna mini ya bambanta da na shafinsa, ya ce asusun ƙaninsa ne, na yarda. Sau biyu na nemi ya kira ni ta bidiyo yana tsaye kusa da dokin, ya ce sabis ba shi da ƙarfi. Daga baya na sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya bayyana a intanet, na tarar da shi a shafin wasu mutane dabam. Hawan Kano, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024, ana ɗaukarsa hoto ta kowace kusurwa, saboda haka ɓarawo ba ya rasa kyakkyawan ingarman da zai ce nasa ne. Amma kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɓoye cinikin da na yi wa baffana, wanda ya tashi a barga, don kawai ina tsoron ya ce in dakata.

Ko da mai sayarwa mutumin kirki ne, hoto ba ya isa a sayi doki. Sai an buɗe bakinsa ake sanin shekarunsa, domin haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa ne yana da wajen shekara biyu da rabi, zuwa shekara 5 kuma duk sun cika, daga nan sai a duba yadda suka goge. Sai an ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, an ja shi a kan ƙasa mai tauri ko zai yi ɗingishi, an saurari numfashinsa bayan sukuwa. Ga kuma hali, wanda ya fi komai muhimmanci ga mai shiga taro, domin dokin da ƙarar bindiga ko tambari ke firgita shi zai iya kayar da mahayinsa a Ƙofar Kudu ya tattake jama'a. Idan ba za ku iya zuwa ba, ku aika dillalin da kuka san gidansa, ku biya shi la'adarsa da daɗin rai.

Mai sayarwa ma ana farautarsa. Saƙon alat na bogi yana shigowa waya kamar na gaske, don haka kada a kwance doki daga turke sai kun shiga manhajar bankinku kun ga kuɗin ya ƙaru a asusu. Wanda ya ce ya turo fiye da kuɗin ciniki bisa kuskure, ku mayar masa da ragowar, kada ku ba shi ko sisi sai bankinku ya tabbatar.

Wanda ƙaddara ta faɗa wa, ya sanar da bankinsa a ranar, ya adana lambar asusun da saƙonnin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Ni kunya ta sa na yi mako guda ban faɗa wa kowa ba, lokacin da na je an riga an kwashe kuɗin.

Bayan Babbar Sallah baffa ya raka ni wata barga a cikin gari, ya buɗe bakin wani doki kili, ya sa aka zagaya da shi sau uku, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ya kai shekara 7, amma ƙafarsa lafiya lau take." A gaban shaidu biyu na biya, na riƙo ragamarsa da hannuna har gida.