Zuwa Kumasi da liyari a aljihu

Abin da ya ɗaga ni daga Accra zuwa Kumasi shi ne wani liyarin azurfa da ƙanena ya saya a hannun wani mai talla a intanet, wanda ya haɗo masa da takardar shaida mai hatimin ruwan zinariya, aka rubuta a jikinta cewa an buga kuɗin a shekarar 1780, saboda haka ya haura shekara 240 a duniya. Ƙanen nawa ya biya kuɗi masu kauri, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san gwaggonmu da ke unguwar Aboabo a Kumasi tana da irin wannan liyari da ta gada daga kakarmu, kuma ban taɓa jin an ce ta yi arziki da shi ba. Na karɓi liyarin da takardarsa, na bar Nima bayan sallar asuba, na shiga motar Kumasi.

Hanyar ta kai kimanin kilomita 250, ta bi ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo da Ejisu, kuma manyan motocin kaya sun hana mu sauri, har sai bayan azahar muka shiga gari. Daga tasha na hau tasi zuwa Aboabo, inda Hausa ke tashi daga kowace rumfa.

Gwaggo ba ta yarda a taɓa maganar kuɗi ba sai da na ci tuwo na sha ruwa. Daga nan ta jawo wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado, ta kwance ƙullin tsumma, ta zube abin da ke ciki a kan tabarma. Akwai liyari uku, biyu an huda su a sama, ɗaya kuma an liƙa masa kunne domin a rataya shi a wuya, sai kuma sulalla da dala-dala na zamanin Turawa. Fuskar sarauniyar da ke jikin liyarin, wato Maria Theresa ta Ostiriya, ta side har mayafin kanta ya kusa haɗuwa da kuncinta, amma mikiya mai kai biyu da ke bayansa tana nan da fukafukanta. Gwaggo ta ce kakanmu fatauci yake yi, yana kai goro Kano daga Gwanja, kuma da irin wannan azurfa ya yi wa amaryarsa kayan ado. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin liyari ya daɗe yana yawo a kasuwannin ƙasar Hausa da Barno, har matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500.

Washegari ta haɗa ni da jikanta ya kai ni wurin wani dattijo maƙerin farfaru da ke aiki a wani lungu cikin Zango. Rumfarsa ƙarama ce, da ɗan zugazugi da uwar maƙera da ƙaramin ma'auni na batir, kuma a kan bencinsa akwai zobba da warwaro da ba a gama gogewa ba. Bayan mun gaisa na miƙa masa takardar shaidar tare da liyarin, sai ya ajiye takardar a gefe ba tare da ya dube ta ba, ya ce: "Ɗana, takarda ba ta ƙara. Ba ni kuɗin." Ya ɗora shi a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa da wani kuɗin, sai wata ƙara siririya ta tashi ta daɗe kafin ta mutu. Ya kusanto da maganaɗisu, bai kama ba. Ya aza shi a ma'auni, ya tsaya a gram 28 da 'yan ɗigo. Sannan ya ɗauko wani daga cikin kwalbar da yake tara na jabu, ya ƙwanƙwasa shi, ƙarar ta fito a dakushe, kuma nauyinsa ya gaza da gram biyu ko fiye.

Na ce: "Baba, ke nan na ƙanena na gaske ne?" Ya ce azurfa ce tsabtatacciya yadda ya kamata, amma sabo ne fil, kuma da wuya a ce ya girme ni. Ya juya gefen kuɗin ya nuna mini rubutun da ke kewaye da bakinsa, haruffan a tsaye da kaifinsu, ya kuma sa na ƙirga 'yan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniya, waɗanda ya ce fatake na dā da su suke gane kuɗin da bai side ba. A na Gwaggo da ƙyar ake ganin maɓallin kansa.

Abin da dattijon ya sani da hannu da kunne ya yi daidai da abin da ke rubuce a tarihin wannan kuɗi. An fara buga liyari mai hoton Maria Theresa a 1741, ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwar Gabas ta Tsakiya da Afirka sun riga sun amince da shi, ba su kuma yarda da wani mai sabuwar fuska ba, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta ba tare da an canza ba. Ostiriya ta daina kashe shi a cikin gida a 1858, duk da haka ya ci gaba da zama kuɗin ciniki a Habasha da Yaman da Oman har cikin ƙarni na 20. A 1935 Italiya ta samu izinin buga shi a Rum saboda yaƙinta da Habasha, daga baya aka buga shi a Landan da Faris da Bamingham da Burasels da Bombay, kuma har yau gidan buga kuɗi na Vienna yana fitar da shi. Adadin da aka buga ya haura miliyan 300, kowanne nauyinsa gram 28.07, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato kusan gram 23.4 na zallar azurfa. Masana suna bambance bugun wannan gari da na wancan ne ta ƙananan alamu, kamar yawan gashin wutsiyar mikiya da siffar alamar gicciye da ke bayan shekarar. Don haka wanda ya rubuta wa ƙanena takarda bai yi ƙarya a kan azurfa ba, ƙaryarsa a kan shekaru take, kuma a kan shekarun ya ninka farashi.

A ganina irin wannan takarda ba ta da wani nauyi, domin duk mai na'urar buga takardu zai iya yin ta, kuma ba abin da ya ɗaure ta da kuɗin da take magana a kansa. Shaidar da masu tara tsofaffin kuɗi suke girmamawa ita ce ta kamfanonin tantancewa, irin su PCGS da aka kafa a Amurka a 1986 da NGC da ya biyo baya a 1987. Su sukan duba kuɗin, su tabbatar da ingancinsa, su ba shi maki a kan ma'aunin da William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949, daga 1 zuwa 70, sannan su rufe shi a cikin ɗan akwatin roba mai lamba da kowa zai iya bincikawa a shafinsu. Daga maki 60 zuwa sama kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba ne. Ko wannan akwati ma akan yi jabunsa, shi ya sa duba lambar ya zama dole, kuma ga liyarin da ake bugawa har gobe, kuɗin tantancewa da na aikawa suna iya cinye ribar gaba ɗaya.

Da na yi wa dattijon bayanin wannan tsari, na ce masa kuɗin da aka huda ko aka goge ba ya samun maki a wurinsu, sai dai a rubuta aibinsa a jikin akwatin, sai ya yi dariya har ya ajiye awartaki. Ya ce rabin aikin da ya koya a wurin mahaifinsa shi ne huda liyari da liƙa masa kunne, sauran rabin kuma narka sulalla a yi mundaye. Gwaggo ma duk jajiberin Sallah takan goge nata da toka da lemon tsami har su yi ƙyalli, abin da mai tara kuɗi zai kama kai idan ya gani, domin shi duhun da shekaru suka bari a jikin azurfa yake nema. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na fi jin ƙaiƙayin sulallan da aka narka, saboda su ba a sake buga su. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta fara fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa a 1913, da hoton Sarki George na Biyar, sule da dala kuma da bishiyar kwakwa a baya, azurfarsu kashi 925 cikin 1,000. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1920 aka koma haɗin tagulla. Shekarar da ke jikin waɗannan ita ce shekarar bugunsu ta gaskiya, wasu ma suna da ƙaramin harafin H da ke nuna masana'antar Heaton ta Bamingham.

Na tambaye shi ko yana da wanda ya tsira daga wuta, ya lalubo mini dala ɗaya ta 1913 da ba a huda ba, ganyen kwakwarta a fili. Muka yi ciniki a kan nauyin azurfarta da ɗan abin goro a sama, na kuma roƙe shi kada ya goge mini ita. Da yamma na bi ta kasuwar Kejetia na sayi tsarabar yara, na kira ƙanena na gaya masa ya riƙe liyarinsa a matsayin azurfa gram 23 da 'yan kai, ya kuma nemi mai tallan ya dawo masa da rarar kuɗinsa idan har yanzu lambarsa tana shiga. Gwaggo kuwa ta ce nata na jikokinta mata ne ranar aurensu, ta mayar da gwangwaninta ƙarƙashin gado, ni kuma na kama motar dare zuwa Accra.